Burodin jiya ba na zubarwa ba ne

Darasinmu na yau a kan burodi ne, wanda ya kwana ya yi tauri.

Mu a nan hatsi da dawa da wake da gyaɗa muke nomawa. Alkamar burodi kuwa, yawancinta daga ƙasashen waje take zuwa. Shi ya sa a shekarar 2022, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, manyan masu noman alkama, fulawa ta yi tsada a duniya, mu ma ta taɓa mu. To, abin da aka saya da kuɗi haka, a ganina bai kamata a jefa wa awaki ba.

Me ke sa burodi tauri? Ruwan cikinsa yana fita, garin cikinsa kuma yana ƙanƙancewa. Amma bai lalace ba. Idan ya sha ruwa ya ji wuta, sai ya sake laushi. Faransawa sun daɗe da sanin wannan. Suna jiƙa shi a ƙwai da madara su soya. Sunan abincin a harshensu, ma'anarsa burodin da ya ɓata.

Ba kowane burodi ne ɗaya ba. Dogon burodi, kwana ɗaya ya ishe shi ya yi tauri, balle da hunturu. Lallausan burodin Najeriya, irin na Maigatari, yana saurin narkewa in an jiƙa shi. Akwai kuma burodi mai tsami, wanda ake tashin kwaɓinsa da tsohon kwaɓi maimakon yis. Mata kun san wannan dabara, don haka ƙullin masa yake kwana ya tashi. Mai tsamin nan ya fi kowanne dacewa. Yana da jiki, yana shan madara bai wargaje ba, kuma tsaminsa yana sa ya daɗe bai yi funfuna ba.

Yanzu ku ɗauki alƙalami ku rubuta. Yankan burodi 6. Ƙwai 2. Madara kofi 1. Sukari cokali 1. Gishiri kaɗan. Man gyaɗa cokali 2.

A yanka burodi da kauri, kamar faɗin yatsa 2. A fasa ƙwai ɗaya-ɗaya a ƙaramin kwano tukuna, kada ruɓaɓɓe ya ɓata sauran. A zuba madara da sukari da gishiri, a kaɗa sosai. Idan madarar shanu ce, a tafasa ta, a bari ta huce. Idan ta gari ce, a dama ta da ruwa mai tsabta. Sai a tsoma burodi. Mai tauri a bar shi ya sha, a ƙirga 30, a juya, a sake ƙirga 30. Lallausa kuwa, tsomawa kawai a cire.

A aza kasko bisa wuta kaɗan, garwashi ya fi. A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Wuta mai ƙarfi tana ƙona baya ta bar ciki ɗanye, ɗanyen ƙwai kuwa yana iya kawo zawo, musamman ga yara. A soya gefe ɗaya har ya yi ja, a juya. A danna tsakiya da cokali. In ruwa bai fito ba, ya nuna. Yanka 2 da kunu sun riƙe yaro har ya taso daga lakwal.

Da damina zabi suke ƙwai, ƙwansu kuma ya yi wannan aiki sarai, sai dai a sa 3 don ƙanana ne. Amma ku lura, damina ce kuma lokacin funfuna. Kafin ku yanka burodi, ku fito da shi haske ku duba. In kun ga tabo kore ko baƙi, ko fari kamar auduga, wannan ya lalace. Kada a yanke wurin a ci saura, don saiwar funfuna tana shiga ciki inda ido ba ya gani, suya kuma ba ta tabbatar da kashe dafinta. Wannan kam a zubar.

Burodin da za a ajiye, a fitar da shi daga leda, a naɗe a ƙyalle mai tsabta, a rataya inda iska take. Haɗin ƙwai da madara in ya rage, a soye shi nan take, kada ya kai rana.