Jitar Robert Johnson da hannun da ya kaɗa ta

Robert Johnson, makaɗin bulus ɗan jihar Misisifi ta Amurka, ya rasu a 1938 yana da shekara 27, bai bar wa duniya komai ba sai waƙoƙi 29 da aka ɗauka a San Antonio cikin 1936 da Dalas cikin 1937, da hotuna ƙalilan. A kan waɗannan hotuna ne masana suka daɗe suna kai ruwa rana game da irin jitar da ya kaɗa. A hoton da aka ɗauka a ɗakin hoto na Hooks Brothers da ke Memfis, yana zaune cikin kwat da hula, ya harɗe ƙafa, riƙe da Gibson L-1. A wani hoton kuwa, mai taba sigari a gefen baki da dogayen yatsu a kan tsirkiya, wasu masana na ganin jitar Kalamazoo ce, wato jitar talaka da kamfanin Gibson ya fitar lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Johnny Shines, abokin yawon kiɗansa, shi ma Kalamazoo ya ambata.

A ganina shaidar Shines ta fi hoton farko nauyi. Hoto yana nuna abin da mutum ya riƙe ranar da ya yi ado, Shines kuwa ya ga abin da ake ratayawa a kafaɗa ana bin jiragen ƙasa, ana kiɗa a bakin titi da gidajen rawa don 'yan kwabbai. Baƙar fata matalauci a Kudancin Amurka na wancan zamani kan kai jitarsa jingina idan aljihu ya bushe, ya ari ta wani idan dare ya yi. Neman jita guda a ce ita ce sirrin Johnson rashin fahimtar wannan rayuwa ne.

Za a iya cewa ai kaya ma na da nasu tasiri, kuma gaskiya ne: ƙaramar jita na da amo mai kaifi wanda na'urar ɗaukar faifai ta lokacin ke kamawa sarai. Sai dai dubban mutane sun mallaki irinta. Abin da ya sa shahararren makaɗin jita Keith Richards, da ya fara jin faifan Johnson, ya tambayi wane ne na biyun da ke kiɗa tare da shi, aikin hannu ne: babban yatsa na riƙe da kauri ba fashi, sauran yatsu na fitar da waƙa a sama, ga wuyan kwalba yana zamewa a kan tsirkiyoyin da aka sake wa ɗauri. Wannan kuwa Johnson koyonsa ya yi, a wurin makaɗin bulus Ike Zimmerman da sauraron wani makaɗin bulus, Son House. Abin takaici, sunan Gibson da almarar da ke cewa Johnson ya ƙulla yarjejeniya da Shaiɗan a mararraba don ya iya kiɗa duk sun fi sunan Zimmerman yaɗuwa.