Likita Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

'Yan'uwana mata, in an yi wa wani aiki a asibiti ya tashi, abin da mukan tambaya shi ne, "Wane likita ne ya yi masa?" Sai a ambaci suna ɗaya, a yi ta sa masa albarka. To, yau ina so mu leƙa wani aiki wanda suna ɗaya ba ya isarsa, watau aikin da ake yi wa jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Kada ki ce ba ruwanki. Hawan jini ya yi yawa a gidajenmu, shi ne kuwa babban mai jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma in abin ya auku a gida, sau da yawa mace ce ke fara gani.

Shanyewar jiki iri biyu ce. Ko dai gudan jini ya toshe jijiya, wani sashe na ƙwaƙwalwa ya rasa jini, ko kuwa jijiya ta fashe, jini ya malala cikin kai. Daga waje duk kamarsu ɗaya: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Amma allurar da ke narkar da gudan jini, in aka yi wa wanda jijiyarsa ta fashe, tana iya kashe shi. Saboda haka komai gwanintar likita, tilas ya jira mai ɗaukar hoto ya ɗauki hoton kan, a karanta, a san wanne ne.

Ga kuma lokaci yana gudu. A 2006 wani likita a Amurka ya ƙiyasta cewa in babbar jijiya ta toshe, ƙwaƙwalwa kan yi hasarar ƙwayoyinta wajen miliyan 1.9 a kowane minti. Ita allurar narkarwa, ƙa'idarta cikin awa 4 da rabi ne daga farawar ciwon. Don haka a asibitocin da suka ƙware, ba a jiran wani ya gama kafin wani ya fara. Ma'aikatan motar asibiti sukan buga waya tun suna hanya. Nas ɗaya tana neman jijiyar hannu, wata tana auna sukari, domin sukari in ya yi ƙasa yakan kwaikwayi shanyewar jiki. Likita yana gwada hannu da magana, mai tura gado kuwa ya riga ya kama hanyar ɗakin hoto.

In hoto ya nuna babbar jijiya ce ta toshe, akwai aikin da ake yi ba tare da an fasa kai ba. A huda jijiya a matsematsi ko a wuyan hannu, a zura siririn bututu, a bi da shi ta cikin jijiyar har wuya, har cikin kai. Sa'an nan a tura wata 'yar raga ta kama gudan jinin a jawo shi, ko a zuƙo shi. A 2015 aka buga sakamakon manyan gwaje-gwaje da suka tabbatar da amfanin wannan aiki, na farkonsu daga Holan. A 2018 kuma aka nuna wasu majiyyata sukan amfana har zuwa awa 24.

Ki dubi yadda ɗakin yake. Idon likita yana kan allo, hannunsa yana kan wayar da yake turawa, ba ya ko ganin fuskar wanda yake yi wa aiki. Likitan sa barci shi ke tsare da numfashi da awon jini, gama in jini ya yi ƙasa, sashen ƙwaƙwalwar da ke maƙale da ƙananan jijiyoyi na gefe sai ya ƙarasa mutuwa. Nas mai miƙa kaya tana duba kowane bututu da sirinji, kada ɗigon iska ya shiga, domin shi ma toshe jijiya yake yi. Mai hoto yana juya na'ura, yana lura da yawan hasken da ya ratsa majiyyaci. Waɗanda ke kusa da gadon duk suna sanye da riguna masu nauyi na dalma, wani lokaci da tsakar dare.

Tun asali ma haka abin ya faro. Egas Moniz, likitan Fotugal da ya fara ɗaukar hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa a 1927, ciwon gaɓoɓi ya lalata masa hannuwa, sai abokin aikinsa Almeida Lima ke yi masa aikin hannu. Har wa yau, siririyar wayar filatinam da ake cusa wa jijiyar da ta kumbura don kada ta fashe, likita Guido Guglielmi na Italiya tare da wani injiniya, Ivan Sepetka, suka fito da ita a Amurka wajen 1990.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wata takarda da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. Kafin a fara aiki a tiyata, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar da sunan majiyyaci da gefen da za a taɓa. Da aka gwada ta a asibitoci 8, masu mutuwa bayan aiki suka ragu daga 15 cikin 1,000 zuwa 8. Wadda aka riga aka ji muryarta, ba ta jin nauyin cewa "a dakata" in ta ga kuskure. Mu an raine mu da kunyar na gaba, abu ne mai kyau kuwa, amma a wannan ɗaki ƙaramar nas da ta ga iska a bututu ta yi shiru, ba ladabi ta yi ba.

Ku kuma 'yan makaranta, in an tambaye ku me za ku zama, daga likita sai nas. Alhali akwai aikin hoto da na gashin ƙashi, ana kuwa karanta su a Jami'ar Bayero ta Kano. Masu gashin su ne ke koya wa majiyyaci zama da tsayuwa bayan an gama aiki.

Gaskiya ne asibitocin da ke cire gudan jini ta bututu ba su da yawa a ƙasashenmu. Amma hoton kai, da saukar da hawan jini, da kulawar nas-nas suna ceton rai, kuma dukansu suna bukatar a zo da wuri. Nan ne naki aikin yake, uwargida. Tambayar farko da za a yi miki ita ce, ƙarfe nawa aka gan shi lafiya lau na ƙarshe? In da ciwon ya farka, to lokacin da ya kwanta za ki faɗa. Kada a tsaya shafe-shafe da turare ana cewa iska ce. Kada a ɗura masa ruwa, ko kunu, ko jiƙo, domin maƙogwaron yakan shanye tare da hannun, abin ya bi ta huhu. Nas ce za ta gwada haɗiyarsa tukuna. Kada kuma a ba shi asfirin kafin hoto. In ba ya cikin hayyacinsa, a kwantar da shi ta gefe. Ki tattara kwalayen magungunan da yake sha ki sa a jaka, wadda ta ga farawar abin kuma ita za ta shiga mota.