Korar Ma'aikaci Saboda Luwaɗi ko Sauya Jinsi: Yadda Kotun Ƙolin Amurka Ta Raba Gardama

A kusan dukkan jihohin Amurka, mai kamfani yana iya sallamar ma'aikacinsa da sassafe ba tare da ya ce masa ga laifinka ba. Garkuwar ma'aikaci ita ce 'yan dalilan da doka ta hana a kori mutum a kansu. Babbar dokar da ta jero su ita ce Dokar 'Yancin Ɗan Ƙasa, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 2 ga Yuli, 1964. Sashe na Bakwai na dokar ya hana nuna wa ma'aikaci bambanci saboda abubuwa biyar: ƙabila, launin fata, addini, ƙasar asali, da kasancewarsa namiji ko mace.

A lokacin, ba wanda ya kawo 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo a ransa. Gwamnatin tarayya ma da kanta take farautarsu, bisa wani umarni da Shugaba Eisenhower ya bayar a 1953. A ƙarƙashin wannan umarni aka kori Frank Kameny, masanin taurari, daga sashen zanen taswira na sojoji a 1957. Ya kai kuka Kotun Ƙoli, ta ƙi sauraronsa a 1961. Sai a 2009 gwamnati ta ba shi haƙuri.

Ko bayan da Kotun Ƙoli ta halatta auren jinsi a 2015, fiye da rabin jihohin ƙasar ba su da dokar da ta fito fili ta kare irin waɗannan ma'aikata a kamfanoni masu zaman kansu. A wancan lokacin, mutum zai iya yin auren da doka ta amince da shi ranar Asabar, ranar Litinin a miƙa masa takardar sallama saboda auren.

Ƙararrakin mutum uku ne suka kai maganar ƙarshenta. Gerald Bostock ya shafe shekara goma yana aikin kula da walwalar yara a ƙaramar hukumar Clayton ta jihar Jojiya. A 2013 ya shiga wata gasar ƙwallo ta 'yan luwaɗi, ba a jima ba aka sallame shi, hukuma ta ce binciken kuɗi ne ya jawo. Donald Zarda kuwa mai koyar da dirowa daga jirgin sama da lema ne a New York. A irin wannan dirowa ana ɗaure malami da ɗalibi da majanyi ɗaya, ƙirjinsa a bayan ɗalibin. A 2010 ya ce wa wata mata kada ta damu da wannan kusanci, shi ɗan luwaɗi ne. Matar ta ce ya taɓa ta yadda bai dace ba, shi ya musanta, kamfani ya kore shi. Ta uku ita ce Aimee Stephens, wadda wani kamfanin shirya jana'iza a jihar Mishigan ya ɗauka aiki a matsayin namiji. Bayan shekara shida ta rubuta wa maigidan wasiƙa cewa idan ta dawo daga hutu za ta riƙa zuwa aiki a matsayin mace, da shigar mata. Mako biyu bayan haka aka sallame ta.

Kotun Ƙoli ta saurari ƙararrakin ranar 8 ga Oktoba, 2019, aka yanke hukunci ranar 15 ga Yuni, 2020. Alƙalai shida suka ba ma'aikatan gaskiya, uku suka ƙi. Zarda da Stephens ba su ga ranar ba: shi ya mutu a wani hatsari a Suwizalan a 2014, ita kuma wata guda kafin hukuncin.

Abin da ya ba mutane mamaki shi ne wanda ya rubuta hukuncin: Neil Gorsuch, alƙali mai ra'ayin mazan jiya, wanda Donald Trump ya naɗa. Bai shiga batun halacci ko haramcin luwaɗi ba. Ya ce a ɗauka kamfani yana da ma'aikata biyu, ƙwazonsu ɗaya, dukansu maza suke sha'awa, sai dai ɗaya namiji ne ɗaya mace. Idan aka kori namijin aka bar macen, to an hukunta shi a kan abin da aka ƙyale ta da shi, kuma ba abin da ya raba su sai cewa shi namiji ne. Haka ma wanda aka haifa namiji ya ce shi mace ne: an kore shi a kan shigar da ba za a kori wadda aka haifa mace a kanta ba. A ganin Gorsuch, kora saboda luwaɗi ko sauya jinsi da kora saboda kasancewa namiji ko mace hanta da jini ne.

Alƙali Samuel Alito, tare da Clarence Thomas, ya yi kakkausan raddi. Ya ce kotu ta ƙwace aikin majalisa, don an sha gabatar da ƙudurin ƙara waɗannan mutane cikin dokar amma bai taɓa wucewa ba. Alƙali Brett Kavanaugh, na ukun waɗanda suka ƙi, ya ce a bakin kowane Ba'amurke, bambancin namiji da mace daban, batun wanda mutum yake sha'awa daban. Gorsuch ya amsa da cewa alƙali rubutacciyar doka yake bi, ba hasashen waɗanda suka rubuta ta ba. Yana da madogara kuwa. A 1989 kotun ta karɓi hujjar Ann Hopkins, wadda kamfanin Price Waterhouse ya ƙi ɗaga matsayinta, aka ba ta shawarar ta riƙa tafiya irin ta mata, tana kwalliya da sa sarƙa. A 1998 kuma ta ce dokar ta shafi wani ma'aikacin rijiyar mai a teku da 'yan'uwansa maza suka ci zarafinsa.

Hukuncin yana da iyaka. Sashe na Bakwai bai shafi kamfanin da ma'aikatansa ba su kai 15 ba. Coci ko masallaci na da 'yancin zaɓen malamansa bisa aƙidarsa. Kotun ta ce ba ta yanke komai a kan banɗaki da ɗakin sauya kaya ba. Siyasa ma tana juyawa: a Janairun 2025 Trump ya ba da umarnin cewa namiji da mace kaɗai gwamnati ta sani, hukumar EEOC mai sa ido kan dokar kuma ta janye daga wasu ƙararrakin masu sauya jinsi. Amma umarnin shugaba ba ya soke hukuncin Kotun Ƙoli.

Mai karatu a Najeriya, inda dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, zai ga abin banbaraƙwai. Sai dai ya kamata ya san wa kuma wannan sashe yake karewa. A 2008 kantin tufafi na Abercrombie & Fitch ya ƙi ɗaukar Samantha Elauf, Musulma 'yar shekara 17 a birnin Tulsa, saboda ta zo ganawa da ɗankwali a kanta. A 2015 Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya da rinjayen alƙalai takwas, bisa wannan Sashe na Bakwai ɗin. Duk Bahaushen da ya buɗe gidan abinci ko kamfanin sufuri a Amurka, ma'aikatansa suka kai 15, dokar ba ta neman ya sauya aƙidarsa. Ta dai hana shi korar ma'aikaci a kan waɗannan dalilai, kamar yadda ta hana wani maigidan korar matar Bahaushen daga aiki saboda hijabi.