Icen da ke ɓoye a cikin kuben takobi

Mai kallon takobi kwalliyar kube yake fara yabawa, alhali abin da ke kare ƙarfen daga tsatsa yana ciki, inda ido ba ya kaiwa. Japan ce ta fi nuna haka a fili, domin a can sassaƙa kube sana'a ce mai zaman kanta, dabam da ƙira da wasa kaifi. Masassaƙin, wanda suke kira sayashi, yakan zaɓi icen honoki da ya shekara da shekaru yana bushewa. Icen yana da laushi, ba ya karce ƙarfe, kuma ba shi da ƙaro ko tsamin da ke jawo tsatsa. Sai ya raba shi gida biyu a tsaye, ya zana siffar takobin a kowane ɓari, ya rarake da cizal kaɗan-kaɗan yana gwadawa. Burinsa kada kaifin ya taɓa ice, riƙon ya kasance a bakin kube kawai, inda wani zoben ƙarfe mai suna habaki yake cijewa. Sanfefa kuwa ba ta shiga cikin ramin ko kusa, saboda ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale za ta riƙa zana ƙarfen duk lokacin da aka zare shi.

Wani zai ce ai fata ta wadatar, tunda dukawanmu sun daɗe suna ɗinka kube da fatar da aka jeme da bagaruwa, takubban kuma suna nan. Gaskiya ne, amma iskarmu busasshiya ce mafi yawan shekara. Fata tana shan laima tana riƙewa, Japan kuma tana da damina mai tsananin danshi a watannin Yuni da Yuli, ga ƙarfen da aka goge har ya zama kamar madubi, wanda ɗigon tsatsa ɗaya ke ɓata aikin makonni.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ta abin liƙi: dafaffiyar shinkafa ake murjewa ta zama gam a haɗa ɓarin biyu, kuma kowa ya san gam ɗin zamani ya fi ta kamu. A ganina raunin nan da gangan ne, kuma daidai ne. Kuben ajiya, shirasaya, yana tara tsohon mai da ƙura, don haka dole wata rana a ɓare shi, a kankare cikinsa, a sake liƙewa. Gam mai ƙarfi zai sa icen ya tsage kafin ya buɗe.