Lambar da ke faɗuwa a hanya kafin fim ya iso Kambarawa

Da an sallame isha'i a Kambarawa, cikin birnin Katsina, teburin mai cajin waya yakan cika. Janareto na ruri, wayoyi sun yi sahu a jikin allo, a gefe kuma ga kwamfuta maƙare da finafinai. Yaron da bai wuce shekara goma ba zai miƙo mimori da 'yan canjinsa, ya ce a tura masa fassara, amma mai faɗa. Mai turi ba ya tambayar shekarunsa. Ko ya so tambaya ma babu abin da zai duba, domin suna kawai fim ɗin ke ɗauke da shi, wani lokaci ma sunan da aka raɗa masa a nan gida.

Alhali da takardarsa fim ɗin ya baro ƙasarsu. Hukumar tace finafinai ta Indiya takan ba kowane fim harafi: U na kowa da kowa, UA na wanda yaro ke kallo da kulawar iyaye, A kuma na manya zalla. Animal, wanda ya fito a 2023 jini na kwarara a cikinsa kamar an ɓalle famfo, A aka ba shi. Takardar takan bayyana a farkon fim na 'yan daƙiƙu, da yaren da mai kallo a Katsina bai damu ya karanta ba, in ma ba a yanke ta wajen fassara ba.

Nijeriya ma tana da nata awon. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, NFVCB, wadda aka kafa da dokar soja a 1993, tana raba finafinai aji-aji. G na kowa ne. PG na nufin iyaye su sa ido. Sai 12, 15 da 18, wato mafi ƙarancin shekarun mai kallo, da 12A wanda ɗan ƙasa da sha biyu ba ya kallo sai da babba a kusa. Akwai kuma RE, na finafinan da aka taƙaita wuraren nuna su. Zamanin kaset da faifan CD, alamar na jikin kwali, magidanci zai iya juya shi a hannu kafin ya biya. Da kwali ya tafi, sai ya tafi da ita.

Wannan dabara ta manna wa fim shekaru kokawa ce ta haife ta. Amurka ta fara nata tsarin a 1968, sannan ta ƙara ajin PG-13 a 1984 bayan iyaye sun yi ca a kan Gremlins da wani fim na Indiana Jones inda ake zaro zuciyar mutum da ransa, duka biyun kuwa an ba su PG. Wasannin gem sun bi sahu ne bayan majalisar dattawan ƙasar ta zauna a 1993 a kan irin su Mortal Kombat, aka kafa hukumar ESRB a shekarar da ta biyo. Turai ta fito da PEGI a 2003, mai lambobi 3, 7, 12, 16 da 18.

Abin dariya, abin takaici, zuriyar wancan Mortal Kombat ɗin na cikin abin da yara ke layi a kansa a gidajen gem na unguwanni. Shi da GTA, wasan da ake fashin mota a harbe ɗan sanda, sababbin fitowarsu duk 18 ne a ma'aunin Turai. Mai gidan gem kuwa minti yake ƙirgawa.

Kano, cibiyar finafinan Hausa, ta fi karkata ga hani ɗungurungum. Hukumar tace finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ta haramta nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya a finafinai a 2021, lokacin shugabancin Isma'il Na'abba Afakallah. A 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana finafinan daba, kuma a watan Mayun 2025 ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kawo su an tace ba. Ana iya fahimtar dalili. Sai dai hani irin wannan ba ya bambance dattijo da ɗan firamare, kuma ɗan fim na gida kaɗai yake kamawa. Na Indiya, na Amurka da na Koriya suna shigowa ta intanet ba tare da sun yi wa kowa sallama ba.

A Katsina zancen ya fi nauyi, don yaro a nan bai san tashin hankali a allo kawai ba. Ya ji labarin Ƙauraye da sara-suka a cikin gari, ya ji na ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a Disambar 2020. Bidiyon gawarwaki da na 'yan bindiga suna baje makamai kan zagaya WhatsApp da TikTok, kuma wannan ne ba wata hukuma da ta taɓa manna masa lamba.

To fim ne ke mayar da yaro ɗan daba? Masana ba su kai nan ba. Tun 1961 Albert Bandura ya nuna cewa ƙananan yaran da suka ga babba yana jibgar 'yar tsana sukan kwaikwaye shi. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta ce akwai 'yar alaƙa tsakanin gem na faɗa da zafin hali, amma babu isasshiyar hujjar ɗora masa alhakin manyan laifuka. Talauci, ƙwaya da 'yan siyasar da ke hayar matasa sun fi fim hannu a ciki nesa ba kusa ba. Abin da uwa ke gani da idonta ƙarami ne, amma gaskiya ne: firgita cikin barci, ƙin fita fitsari da dare, da ƙanen da aka shaƙe da salon da aka gani jiya.

Inda lambar ta tsira, tana aiki. A Play Store kowane gem na da 3+, 7+, 12+, 16+ ko 18+ a ƙarƙashin sunansa, kuma ana iya kulle abin da ya wuce shekarun yaro da lambar sirri. Dikodar DStv da GOtv ma haka, har sukan ƙara harafin V a kan shirin da ke da zubar da jini. YouTube Kids na nan tun 2015. Matsalar ita ce a gidaje da yawa yaron ne ke saita wa babansa waya, kuma abin da aka turo ta Xender ba ya bi ta ƙofar da aka kulle.

Ga kuma yadda ake zaman. Waɗanda suka ƙirƙiro 12A sun hango gidan silima mai tikiti da mai gadi a bakin ƙofa. A Kambarawa waya ɗaya ce a hannun babban yaya mai shekara ashirin, yana zaune a dakalin ƙofar gida yana kallon abin da shekarunsa suka halatta masa, ƙanne huɗu sun rataya a kafaɗunsa, autansu kuma ya hau dutse don ya hango.