Keɓaɓɓun Kalmomin Gano Matsayi ta Tauraron Ɗan'adam: Shawara ga Masu Tsara Manhaja

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan sashe ita ce fayyace wasu keɓaɓɓun kalmomi na fannin gano matsayi ta tauraron ɗan'adam. Ra'ayinmu shi ne, kafin a zaɓi kalmar da za ta shiga littafin makaranta, wajibi ne a fahimci yadda fasahar take aiki, domin gurguwar kalma takan dasa gurguwar fahimta a zuciyar ɗalibi.

2.0 Sunan Tsarin

GPS suna ne na tsarin ƙasar Amurka kaɗai, wanda aka harba tauraronsa na farko a 1978, ya kuma fara cikakken aiki a 1995. Rasha tana da GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, ƙasar Sin kuma ta kammala BeiDou a 2020. Saboda haka muna ba da shawarar a bar waɗannan sunaye yadda suke, a yi amfani da "tsarin gano matsayi ta tauraron ɗan'adam" a matsayin gamammen suna.

3.0 Kalmomin Aiki

(i) Falaki: hanyar da tauraro yake bi yana kewaya duniya. Taurarin GPS suna nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana kewaye biyu a kwana guda. Kalmar tsohuwa ce a Hausa, faɗaɗa ma'anarta kawai aka yi.

(ii) Makarɓa: na'urar da ke cikin waya ko mota. Aikinta karɓar sigina ne, ba ta aika komai zuwa ga tauraro. Don haka malami ya guji cewa tauraron yana "ganin" mutum.

(iii) Awon nisa: makarɓa tana lissafa lokacin da sigina ta ɗauka kafin ta iso, ta mayar da shi nisa. Nisa ake aunawa, ba kusurwa ba, don haka "awon kusurwa" bai dace a nan ba.

(iv) Kwatankwacin nisa: nisan farko da aka lissafa kafin a gyara kuskuren agogo. Taurarin suna ɗauke da agogon atam, makarɓa kuwa agogonta na yau da kullum ne. Da yake sigina tana tafiyar kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana haifar da kuskuren mita 300. Wannan ne ya sa ake buƙatar taurari huɗu aƙalla: abubuwa huɗu ake nema, wato latitud da lonjitud da tsayi da gyaran agogo.

(v) Tushen awo: siffar duniya da aka amince a ɗora lissafi a kanta. GPS yana amfani da WGS 84, tsofaffin taswirorin Nijeriya kuwa an gina su a kan tushen awon Minna. Wuri ɗaya yakan bambanta da gomman mitoci tsakanin tushen biyu, abin da ka iya jawo rikicin iyakar gona ko fuloti.

4.0 Kammalawa

Muna ganin ya kamata a ari kalma a hausantar da ita inda ta riga ta bi bakin jama'a, kamar "sigina", a ƙirƙiri sabuwa inda aro zai rufe ma'ana. Kafin a shigar da kalmomin nan cikin manhaja, ya dace a gabatar da su ga malaman labarin ƙasa da na lissafi da kuma safiyoyi, su jarraba su a aji da fagen aiki.