Wutar da Ba Ta Ƙona Komai

Daga cikin abubuwan al'ajabi da Allah Maɗaukaki Ya ajiye cikin hadari, ban da tsawa da walƙiya waɗanda kowa ya saba da su, akwai wani haske shuɗi mai ratsin shunayya wanda kan sauka bisa tsinin abu mai tsawo, ko sandan tsakiyar jirgin ruwa ne, ko ƙololuwar hasumiya, kai har ƙahon sa, ya tsaya yana huci a hankali, amma ko zare ba ya ƙonawa. Matuƙan jiragen Bahar Rum sun jingina shi ga waliyyinsu Elmo, suna ɗaukarsa bushara ce ta tsira. Shi ya sa Antonio Pigafetta, wanda ya rubuta labarin tafiyar teku ta jagoran jiragen ruwa Magellan da aka fara a 1519, ya ambaci yadda mutanen jirgi suka sami natsuwa sa'ad da suka gan shi, bayan sun fid da tsammanin rai.

Ma'abota ilmin kimiyya kuwa, tun zamanin Benjamin Franklin a ƙarni na 18, sun tabbatar lantarki ne. Idan girgije ya haɗu, gindinsa yakan cika da lantarki, ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuma ta ɗauki kishiyarsa. Ita iska, wadda bisa al'ada shamaki ce tsakaninsu, ba ta ba da hanya sai ƙarfin ya kai wajen volt 30,000 a kowace santimita. To, da yake lantarki yakan taru ne ya cunkushe inda abu ya yi tsini, a nan ake fara ƙetare wannan haddi, sai iskar da ke kewaye da tsinin ta kama haske, launin kuwa daga naitirojin da oksijin da ke cikinta yake fitowa. A ganina matuƙan nan sun yi wa alamar kyakkyawan zato fiye da kima, gama wanda ya ga wannan haske kusa da shi a fili, ko ya ji gashin jikinsa yana miƙewa, aradu ba ta nesa da shi, wajibi ne ya bar tudu ya nemi mafaka.

Ba hadari kaɗai ke haddasa wannan haske ba. Duk wanda ya taɓa yaye bargo cikin duhu lokacin hunturu ya ga tartsatsi, ya san gogayya ma tana haifar da lantarki. Daren 24 ga Yuni, 1982, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya kutsa cikin tokar dutsen Galunggung mai aman wuta a Indunusiya, matuƙa ba su sani ba. Abin da suka fara gani shi ne wannan haske yana wasa a gilashin gabansu, saboda gogayyar toka da jikin jirgi. Jim kaɗan injina huɗu duka suka mutu, sai da jirgin ya gangaro ya fita daga tokar sannan suka sake tashi, aka sauka Jakarta ba a rasa rai ko ɗaya ba.